Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Ilimi: A Ceci Ɗakunan Binciken Lafiya

Mai girma Minista, ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri, maganar wuta ce ta kawo ni.

Tun da aka ƙara wa 'yan rukunin Band A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wuta mafi yawan sa'o'i a rana, kuɗin lantarki a watan Afrilun 2024, jami'o'i suka koma tsumulmular wuta, kuma ɗakunan gwaji ne suka fi jin jiki. Jinin da ɗalibi ya ɗebo daga masu sikila, ko ƙwayar cutar da ya yi wata da watanni yana reno, ba sa ajiyuwa sai a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri. A ɗauke wuta, janareta ba dizal, shi ke nan aiki ya tafi. Da idona na ga wata mai neman digiri na uku ta zuba kwalaben gwajinta a kular ƙanƙara, tana bi ɗaki-ɗaki tana roƙon inda za ta ajiye. Sinadaran da ke ciki da kuɗin adashenta ta saye su, kuma da dala ake ƙiyasta farashinsu.

Ka san tarihin garin nan namu na Jos. A asibitin Jankwano aka kwantar da waɗanda suka fara kamuwa da zazzaɓin Lassa a 1969, amma sai da aka kai jininsu Jami'ar Yale a Amurka kafin a gane cutar. Dakta Jeanette Troup, likita a asibitin, ta rasa ranta a 1970 wajen bin diddiginta. Fiye da shekara 50 ke nan, Lassa na ci gaba da kashe mutane duk rani, ga yaranmu masu basira da kwaɗayin nazarinta, mun bar su suna gadin firiza. Wanda ya gaji ya nemi biza, kuma wallahi ba na ganin laifinsa.

Najeriya na cikin ƙasashen Tarayyar Afirka da suka amince a ware kashi 1 cikin 100 na tattalin arziki don bincike. Ina alkawarin ya kwana? A 2019 an buɗe wa Jami'ar Bayero tashar sola, ashe abin mai yiwuwa ne. Don Allah, ranka ya daɗe, ko ba a haska jami'a gaba ɗaya ba, a ba kowane ɗakin binciken lafiya sola da batir nasa na kansa.

Akwai kuma batun tallafin bincike na TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, da ya kamata a ware wa ɗalibai kasonsu kai tsaye, amma a fara da wutar.

Naka,
Wani malamin jami'a, Jos