Sanarwa game da ziyarar Elmina

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ana sanar da waɗanda suka ba da sunayensu a nan Yamai cewa masaukinmu a Elmina, ƙasar Gana, yana kusa da tashar masunta, don haka a yi haƙuri da hayaniyar asuba lokacin da kwale-kwale ke dawowa da kifi.

Za mu fara da ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1482, wadda mutanen Holan suka ƙwace a 1637, inda aka riƙa tsare bayi kafin a ƙetara da su teku. Wurin na da nauyi a zuciya, muna roƙon a shiga cikin natsuwa. Kowa ya riƙo fasfo da katin rigakafin shawara, ya canza sefarsa zuwa sidi, kuɗin Gana. Don Allah kada wanda bai iya iyo ba ya shiga teku.