Masu auna radiyeshan a filin kuza, ku riƙa faɗa mana zafin ranar da kuka yi awon

Assalamu alaikum Edita, ranka ya daɗe.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini kan wani abu da ke damuna duk lokacin da na ga an buga sakamakon awon radiyeshan a wuraren haƙar ma'adinai, musamman tsofaffin ramukan kuza na Bukuru da Barkin Ladi inda yashin da aka tace kuza aka zubar yake ɗauke da toriyam, sinadari mai fitar da radiyeshan, kuma har yau wasu na ɗiba suna gini da shi. Sai ka ga an kawo lamba an ce ga yawan yuraniyam ga yawan toriyam, amma ba wanda ya ce mana da ƙarfe nawa aka auna, zafin garin nawa ne, yaushe aka saita na'urar. To wallahi in babu waɗannan, lambar nan tana iya zama ba daidai ba.

Galibin na'urorin da ɗalibanmu ke fita da su daji suna da wani ƙanƙaran gishiri a ciki, sodiyam ayodaid da aka ɗan saka masa taliyam, tun 1948 Robert Hofstadter ya gano amfaninsa. In hasken gama, wato radiyeshan ɗin da sinadaran nan ke fitarwa, ya buge shi sai ya yi ɗan walƙiya, wani kwan lantarki da ke manne da shi ya ninka walƙiyar ta zama sigina, girman siginar shi ne ke gaya maka ƙarfin hasken, daga nan ka san ko wane sinadari ne. Kowane sinadari yana da layinsa, wato inda siginarsa ke tsayawa a ma'aunin ƙarfin hasken da ake kira keV. Fotasiyam yana fitowa a 1460, yuraniyam ana gane shi ta jikansa bismut a 1764, toriyam kuma a 2614. Kowanne an yanka masa taga, abin da ya faɗo cikin tagar shi ake ƙirga masa.

Matsalar ita ce gishirin nan da kwan duk ba sa son sauyin yanayi. In zafi ya ƙaru walƙiyar takan rage, kimanin kashi 0.3 cikin ɗari a kowane digiri ɗaya, shi ma kwan ninkawarsa takan sauya, har tsawon lokacin walƙiyar ma yana canzawa. Mutum zai ce ai wannan ba komai ba ne. To mu yi lissafi, an saita na'ura a lab cikin sanyin esi digiri 22, an jefa ta a bayan mota, an fito da ita da azahar a watan Afrilu tana digiri 42, digiri 20 kenan, kashi 6 cikin ɗari. Layin yuraniyam da ya kamata ya tsaya a 1764 ya zame ya koma wajen 1658, alhali tagarsa daga 1660 take farawa zuwa 1860, kusan rabin abin da za a ƙirga ya fita waje kenan, na toriyam kuma ya sauka da fiye da 150. Sai na'ura ta ce maka wurin lafiya lau ne alhali ita ce zafi ya karkatar da ita, kamar sikelin mahauci da aka taɓa masa allura. A Jos kuma da asubar hunturu sanyi ma yana iya karkatar da layin. Ka ga wuri ɗaya za a auna sau biyu a samu lamba biyu, ballantana irin zafin garin Arlit na Nijar.

Kuma gyaran ba wani tsada ba ne. A bar na'ura ta zauna a inuwa a wurin aikin har jikinta ya daidaita da yanayin kafin a fara, don ma gishirin nan yana tsagewa in aka yi masa sauyin zafi farat ɗaya, in ya tsage kuwa an yi asarar kuɗi mai yawa. A riƙa duba saiti da ɗan sinadarin gwaji, siziyam 137, wanda layinsa 662 ne, kafin a fara da bayan an gama. In babu shi ai fotasiyam na nan a ƙasa ko'ina, a sa ido kan layinsa, in ya zame a mayar da shi, sabbin na'urori ma da kansu suke yin haka. Wanda ke da tsohuwa ya auna ta a zafi daban-daban ya zana yadda take zamewa, ya riƙa gyara lambobinsa da wannan, kuma kada ya ari na wani don kowace na'ura da halinta. Ma'aunin zafin kuma a manna shi a jikin na'urar, ba a rataye a wuya ba, tunda gishirin yana jinkirin ɗaukar zafi fiye da iska.

Muna da masana a cibiyar binciken makamashi ta jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ga kuma hukumar NNRA mai kula da harkar nukiliya, ina kira gare su da su sa rubuta zafin na'ura ya zama dole a kowane rahoton awon fili. Ku kuma 'yan jarida don Allah in an miƙo muku irin wannan lamba ku tambaya, da wane lokaci aka auna, kuma an duba saiti a filin ko tun a ofis aka yi aka taho.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai karatunku daga Samaru, Zariya.