Jirgin da Ya Kai Likita Daji, da Makarantar da Ake Tsallakewa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku mai farin jini in yi tsokaci kan wani tarihi na gaɓar tekun British Columbia da ke yammacin Kanada, inda ake alfahari da jiragen ruwan mishan da tsofaffin asibitocinsu.

Alfaharin yana da tushe. A farkon ƙarni na 20, masu saran itace sun cika dazuzzukan gaɓar, ba hanya, ba likita. Wanda gatari ya sare ko gungume ya danne sai ya jira jirgin fasinja ya kai shi Vancouver, da yawa kuma gawarsu ce take isa. Wannan ne ya tayar da hankalin Rabaran John Antle na cocin Angalika. A 1904 ya shiga ɗan kwale-kwale mai tsawon ƙafa 16, shi da ƙaramin ɗansa, ya zagaya sansanonin masu saran itacen ya gane wa idonsa. Shekara ta zagayo aka ƙaddamar da jirgin Columbia, ɗauke da likita da gadajen marasa lafiya da littattafai. Asibitoci suka biyo baya: Rock Bay a 1905, Alert Bay a 1909, sai St. Mary's na Garden Bay a 1930.

Ni a ganina jirgin ya fi ginin aiki. Asibiti zaune yake yana jiran majinyaci, shi kuwa jirgi shi ke bin mutane har lungunansu. A cikinsa ake cire haƙori, a karɓi haihuwa, a ɗaura aure, wani lokaci har majigi ake nuna wa yaran da ba su taɓa ganin gari ba. Da jiragen sama masu sauka a ruwa da tituna suka zo, aikin ya ja baya. A 1964 aka mayar da St. Mary's garin Sechelt, tsohon ginin ya zama masaukin baƙi. Jirgin mishan ɗin na baya, Columbia III, da aka ƙera a 1956 kuwa an gyara shi tsaf ya koma ɗaukar 'yan yawon buɗe ido.

Ƙorafina shi ne yadda ake ba da labarin rabi da rabi. A Alert Bay ɗin nan, cocin Angalika ya gudanar da makarantar kwana ta St. Michael's, wadda aka gina a 1929, inda aka raba 'ya'yan 'yan asalin ƙasar da iyayensu, ana dukansu in sun yi yarensu. Ba mishan ɗin Antle ke riƙe da ita ba, gaskiya ne, amma coci ɗaya ne, tsibiri ɗaya. An rushe ginin a 2015 a gaban tsofaffin ɗalibansa. Duk mai jagorantar baƙi a kan Columbia III, in ya nuna musu inda asibitin yake, to ya nuna musu filin makarantar ma.

Na gode.

Naku,
Mai karanta jaridarku daga Vancouver