Takardar shaidar mutuwa a Amurka: a fara sanin gundumar da mamaci ya cika

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da iyalan da suke da 'ya'ya ko mazaje a Amurka. Ni ɗan Katsina ne, na daɗe a unguwar Bronx ta birnin New York, kuma ina cikin waɗanda ake kira idan an yi rashi a tsakanin Hausawanmu na Najeriya da Nijar da Gana. Wanka da sallah da kai mamaci makwancinsa, alhamdu lillahi, ba ma sakaci da su. Inda muke barin marayu da iyayensu mata cikin wahala shi ne takardar shaidar mutuwa. Ba a tunawa da ita sai an kwana biyu, ranar da banki ya ƙi sakin kuɗi, ko kamfanin inshora ya ce a kawo shaida, ko alƙali a gida ya nemi takarda kafin ya raba gado.

A Najeriya, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce dokar 1992 ta ɗora wa rajistar haihuwa da mutuwa, don haka mutanenmu suna zaton a nan ma akwai babban ofishi guda a Washinton da za a rubuta wa. Babu shi. Jihohi 50 ne, kowace da dokarta, kuma a ƙarƙashinsu akwai gundumomi fiye da 3,000 da suke kira kawunti. Ana rubuta mutuwa ne a wurin da rai ya fita. Inda mutum yake zaune da inda aka binne shi ba su ne abin dubawa ba.

Wani ƙaninmu direban tirela ne, gidansa nan Bronx. Ciwo ya kama shi a hanya, aka kai shi asibiti a jihar Ohio, can ya cika. Muka ɗauko shi muka binne a New Jersey, inda muke yawan binne namu. Yayansa daga gida ya yi ta aika wasiƙa New York ana ce masa ba su da wannan suna, har ya fara zargin wani ne yake ɓoye wa marayu dukiyarsu. Ba wanda ya ɓoye kome. Takardar tana kwance a gundumar da asibitin yake. Saboda haka duk wanda aka kira shi da labarin rasuwa, bayan ya yi innalillahi, ya tambayi sunan asibitin da sunan garin da ranar, ya rubuta. Da sunan gari ake gano gunduma.

Ofishin da yake riƙe da takardar ma ya bambanta. A Shikago, ofishin magatakardan gundumar Cook ne. A wurare da yawa ofishin lafiya na gunduma ne. Birnin New York kuwa yana riƙe da nasa rajistar dabam, ofishin jiha da ke Albany ba shi da takardun waɗanda suka rasu a cikin birnin. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta gwamnatin tarayyar Amurka, wato CDC, tana da shafi a intanet da ya jera adireshin ofishin kowace jiha, daga nan ya fi dacewa a fara.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake cika takardar tun ranar farko. Likita, ko jami'in binciken gawa idan mutuwar haɗari ce ko ta ba-zata, shi yake rubuta sanadin mutuwa. Sauran bayanan kuwa, mai kamfanin shirya jana'iza ne yake rubutawa daga bakin wanda ya tsaya wa mamaci. Galibi wannan mutumin aboki ne ko abokin haya, ido ya kumbura, hankalinsa yana kan a samu a yi sutura kafin la'asar. Sai a tambaye shi sunan uba, da sunan uwa na yanka, da garin haihuwa, da ranar haihuwa, da sunan mata. To wa ya san sunan uwar abokinsa a cikinmu? Hajiya muka sani, ko Inna, kunya ba ta bari mu tambaya. Sai ya ce bai sani ba, ko ya faɗi abin da ya zo bakinsa. Haka rubutun suna: fasfo ya ce Muhammad, lasisin tuƙi ya ce Mohammed, mu kuma Mamman muka sani. 'Yan'uwanmu na Nijar da rubutun Faransanci, Issoufou a fasfo, Yusuf a bakin jama'a. Harafi ɗaya ya isa ya sa ma'aikacin banki ya mayar da takarda. Ana iya gyarawa daga baya, amma sai da rantsuwa a rubuce da takardun hujja da jira mai tsawo. Don Allah a ajiye fasfon mamaci a gaba lokacin da ake cikawa, a kira gida a waya a tambayi sunan mahaifiya, a karanta kome kafin a miƙa.

Akwai kuma wata magana da ba a son taɓawa. Gurbin sunan mata ɗaya ne a takardar. Idan mamaci yana da iyali a nan kuma yana da uwargida a gida, wadda take kusa ita ake rubutawa. Wannan bai soke haƙƙin ta gida ba a shari'ar Musulunci, amma yana nufin ranar da za ta nemi takardar mijinta sai ta kawo hujjar aure, alhali aurenmu da yawa a zaure aka ɗaura shi ba a rubuta kome ba. A irin wannan hali ya fi sauƙi babban ɗa ya nema da takardar haihuwarsa mai ɗauke da sunan uban, ko mahaifin mamaci idan yana raye. Ni a ganina wajibi ne a kan wanda ya karɓi takardar a nan ya aika wa uwargida nata kwafi ba tare da ta roƙa ba. Riƙe shi don a fi ƙarfinta wajen gado zalunci ne, kuma na ga an yi.

Wa ake ba takardar? Ya danganta da jiha. A Ohio kowa yana iya nema ya biya. A Texas a rufe take tsawon shekara 25, sai dangi na kusa ko wakilinsu na shari'a. Kalifoniya tana ba da iri biyu: cikakkiya ga dangi, wadda sai an haɗa da rantsuwa a gaban mai hatimin tabbatar da sa hannu idan ta gidan waya ake nema, da kuma ta bayani kawai wadda kowa zai iya samu amma an buga mata rubutu cewa ba a tabbatar da shaidar mutum da ita. A Florida kowa zai samu takardar, amma sanadin mutuwa sirri ne har shekara 50, sai ga dangi da masu haƙƙi. Wanda zai kai wa kamfanin inshora ya nemi mai ɗauke da sanadin mutuwa tun farko. Idan an ga an rubuta cewa ana jiran sakamakon bincike, ba wata maƙarƙashiya ba ce, gwajin gawa ne bai kammala ba, sai a sake neman sabuwa idan ya fito.

Daga gida ma ana iya nema. Ana cika fom na ofishin, a haɗa da hoton fasfon mai nema da hujjar dangantaka. Idan ana bukatar hatimin tabbatar da sa hannu, ofishin jakadancin Amurka a Abuja da ƙaramin ofishinsu na Legas suna yin wannan aiki da kuɗi. Kuɗin kwafi ɗaya a yawancin jihohi bai wuce dala 30 ba, kuma a wasu, kamar Texas, kwafi na biyu da na uku sun fi araha idan an nema tare. A nemi da yawa, masu hatimi, domin banki da wurin aiki da inshora da kotu kowa yakan so nasa, kuma ba sa karɓar na fotokwafi. Ofisoshi da yawa suna karɓar buƙata ta intanet ta hannun kamfanin VitalChek da ƙarin ladansa. A shiga ta shafin ofishin gwamnati, domin akwai shafukan da suke cin kuɗin mutane su cika musu fom kawai.

Idan a kotu ko banki a Najeriya za a yi amfani da ita, a fara tambayarsu ko suna son a tabbatar da hatimin. In suna so, hanyar ita ce ofishin sakataren jihar da ta bayar, sannan ma'aikatar harkokin wajen Amurka, sannan ofishin jakadancin Najeriya a Washinton ko ƙananan ofisoshinta na New York da Atlanta.

Roƙona ga shugabannin ƙungiyoyinmu da limaman masallatanmu na nan shi ne, yadda muke tara kuɗin jana'iza duk wata, a buɗe littafi kowa ya rubuta sunansa kamar yadda yake a fasfo, da sunan uwa da uba, da sunayen matansa da 'ya'yansa duka, da lambar wayar mutum biyu a gida. Iyaye da ke gida kuma su kira 'ya'yansu su tambaye su ko sun yi hakan.

Wassalam.

Naku,
Wani ɗan Katsina mazaunin Bronx, New York