Zuwa ga Yaya, kafin wasan Asabar

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya jikin Inna? Yaya yara da mamansu? Ni nan lafiya lau, sai sanyi, shi ma an saba.

Na rubuto ne maimakon in kira, don da na kira Inna ke karɓe wayar, kuma akwai maganganun da ba na so su faɗa kunnenta. Ka karanta kai kaɗai.

Na turo dala 250 ta hanyar da muka saba, in sha Allahu gobe za ka ga shigarsu. Maganin hawan jinin Inna shi ne farko, a sayo na wata biyu gaba ɗaya, kada a sake yin na sati-sati har ya yanke kamar wancan karon. Sai cikon kuɗin rajistar jarrabawar Auta, kai da kanka za ka kai makarantar ka karɓo rasit, kada ka ba shi a hannu. Abin da ya rage a sayi gero da sukari tun kafin azumi ya sa su tashi. Kawu kada ya ji labarin kuɗin nan. Ban manta da na gyaran rufin ɗaki ba, har yau ruwa na zuba, kuɗi kuma sun bi iska.

Gwaggo ta turo mini saƙon murya, wai a unguwa ana cewa na sa hannu an ba ni miliyoyin daloli, har mutane sun fara sallama a ƙofar gida da sassafe, wannan matarsa ta haihu, wancan mai gida ya ba shi notis. Yaya, don girman Allah ka kashe wannan magana. Ni ɗan makaranta ne. Ƙwallon kwandon jami'a daban, NBA, gasar ƙwararru ta Amurka, daban. Abin da makaranta ke yi mini shi ne kuɗin karatu, ɗaki, abinci da littattafai. Gaskiya ne tun 2021 aka ba 'yan wasan jami'a damar karɓar kuɗin talla da sunansu da hotonsu, kuma akwai yaran nan Amurka da ke kwasar rabonsu, amma ni bizar ɗalibi gare ni, ba ta ba ni damar yin aikin kuɗi a wajen makaranta ba. Wanda ya yi wasa da wannan, jirgi za a sa shi. Kuɗin da na turo, na wanke-wanken da na yi ne a ɗakin cin abincin makaranta lokacin dogon hutu, da ɗan abin kashewa da nake matsewa. Hoton nan da na sa a Facebook ina jingine da mota, motar baban abokin ɗakina ce. Laifina ne, na goge shi.

To, ga abin da ya sa nake neman addu'arku.

Ranar Asabar za mu kara da ƙungiyar da ke kan gaba a rukuninmu. Da muka je gidansu watan jiya, dukan kawo wuƙa suka yi mana, ni ko takalmina bai taɓa fili ba sai da wasa ya riga ya mutu. Suna da wani zabgegen yaro, ƙafa 7 cif. Ni da kuke kira Dogo a gida, sai na ɗaga kai nake ganin haɓarsa. Da ƙwallo ta shiga hannunsa a gindin kwando, magana ta ƙare: ko ya zura, ko ka yi masa ƙeta a ba shi jifa. Yanzu su ne za su zo gidanmu, kuma koci ya kira ni ofis shekaranjiya ya ce da ni za a fara. Karon farko ke nan tun zuwana ƙasar nan. Na fito daga ofishin ina ta murmushi kamar wawa, sai da na isa ɗaki cikina ya ɗuri ruwa.

Na san kai ɗan Sai Masu Gida ne, ƙwallon ƙafa ka sani, amma ka yi haƙuri in zayyana maka shirin, don ba ni da wanda zan faɗa wa da Hausa.

Koci ya ce abu na farko mu sace musu lokaci. Wasan minti 40 ne, 20 kafin hutu, 20 bayan hutu, kuma duk wanda ya riƙe ƙwallo yana da daƙiƙa 30 ya yi jifa. Su gudu suke so, a kai a dawo, a kai a dawo, don in aka yi ta kai hari ba iyaka, wanda ya fi ƙarfi dole ƙarfinsa ya fito. Mu kuwa za mu riƙa juya ƙwallo sai agogo ya kusa cinyewa sannan mu jefa. In hare-haren suka ragu, ratar da ke tsakaninmu ta ragu, sa'a ma ta samu ƙofar shiga. Kamar ƙaramin ɗan dambe ne da aka haɗa da shago: ba ya tsayawa a yi musayar naushi, kewaye yake yi har babban ya fara huci.

Sai shi dogon. A nan aikina yake. Da, bayansa muke tsayawa, tsakaninsa da kwando, shi kuma sai ya sa ƙugu ya tura mutum kamar buhun ƙaiƙayi. Yanzu gabansa zan tsaya, tsakaninsa da mai ba shi ƙwallo, in ɗaga hannu, ƙirjinsa a bayana. Wanda zai ba shi sai dai ya cilla ta saman kaina, kuma ƙwallon da aka cilla sama tana daɗewa a iska, kafin ta sauko ɗan'uwana ya taso daga ɗaya gefen mun rufe shi mu biyu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mun kalli bidiyonsa har idona ya yi ja, kuma mun gano abu biyu: kullum ta kafaɗarsa ta hagu yake juyawa don ya jefa da dama, sannan in mutum biyu suka rufe shi sai ya sauko da ƙwallo wajen cikinsa. Ka ga mai ƙafa 7 da ya sauko da ƙwallo cibiyarsa ai ya zama tsawon kowa. Nan gajerunmu za su kai hannu.

Amma fa in mutum biyu suka tafi kan mutum ɗaya, dole akwai wanda aka bari shi kaɗai. Koci ya riga ya zaɓi wanda za a bari: wani ɗan gefensu da hannunsa bai faye faɗawa ba daga nesa, wajen layin maki 3. An ce mu ja baya mu bar shi ya jefa, har ma mu yi masa fuskar bismillah. Gaskiya wannan ne ɓangaren da hankalina bai kwanta da shi ba. Caca ce. Yaron da ka raina, ranar da ya zura biyun farko sai kwandon ya zame masa kamar bakin rijiya. Na tambayi koci, in hakan ta faru fa? Ya ce to sai mu tafa masa, mu ci gaba da abin da muka shirya, don gara a kashe mu da abin da ba su iya ba da a kashe mu da abin da suka ƙware a kai. Na yi shiru. Amma na san shi, in aka zura uku a jere zai fara cizon yatsa yana kallon benci.

Ya nuna mana wani wasa don ya ƙarfafa mana gwiwa. A watan Maris na 2023, a Columbus, nan jihar Ohio da nake, wata ƙaramar makaranta mai suna Fairleigh Dickinson, wadda a shekarar ba ƙungiyar da ta kai su gajarta a babban rukunin jami'o'i, ta haɗu da jami'ar Purdue masu Zach Edey, ɗan Kanada mai ƙafa 7 da inci 4. Suka kewaye shi kamar ƙudan zuma, suka matsa wa masu kawo ƙwallo tun daga can gidansu, suka bar sauran su yi ta jifa daga nesa. Edey ya ci makinsa 21, amma abokansa sun jefa 26 daga layin maki 3, guda 5 kacal suka shiga. Aka tashi 63 da 58, gajeru suka yi gaba. Darasin da koci ya ciro shi ne, dogon zai ci nasa, kada ranka ya ɓaci in ya zura a kanka, sauran huɗun ne za a sa wa yunwa. Ni kuma a raina sai na tuna ranar da muka kalli D'Tigers, ƙungiyar ƙwallon kwando ta Najeriya, a wayarka a shago, 2021, da suka doke Amurka 90 da 87 a Las Vegas, suka zura 20 daga nesa, kana ta tsalle alhali ko dokar wasan ba ka sani ba. Ka ga ita jifar nesan nan kaifi biyu gare ta, shi ya sa nake tsoro.

Idan ƙwallo tana hannunmu kuma, ba za mu bar shi ya huta a gindin kwando ba. Zan riƙa fitowa can sama in tare wa mai riƙe da ƙwallonmu hanya, dole dogon ya biyo ni. In ya fito, ƙafarsa nauyi gare ta, ɗan ƙaraminmu ya wuce shi kamar iska. In ya ƙi fitowa, fili ya samu a jefa. Kuma an ce a riƙa afka masa a jiki ba tsoro, don a jami'a laifi 5 ke fitar da mutum, ba 6 ba irin na NBA. Da zai ɗauki biyu tun da wuri, kocinsu zai zaunar da shi har hutu, wannan kuwa daidai yake da a ce an ɗauke mana dutse daga ka. Ni ma laifina 5 ne, koci ya ce dukiya ce, in kashe su da lissafi, kada in zubar da su a banza a minti goman farko. Sai kuma abu na kullum: duk jifar da suka yi ta kuskure, in juya in sa masa baya in tokare shi, ko ban kama ƙwallon ba, muddin shi ma bai kama ba. Babu wanda zai rubuta sunana a jarida don wannan. Idan ka duba sakamako ka ga na ci maki 2 ko 4, kada ka ce ban yi komai ba.

Inda nake jin kunya shi ne jifar da ake ba wanda aka yi wa ƙeta. Hannuna bai zauna ba, kuma su ma sun kalli bidiyona. In wasa ya yi kankankan a ƙarshe, da gangan za su riƙe ni don a tura ni layi. Kullum bayan asuba ina jefa 100 kafin in tafi aji.

Kada ka ɗauka wasa ne kawai. Tallafin karatuna shekara-shekara ake sabunta shi, kuma koci na da ta cewa. In na riƙe yaron nan ranar Asabar, na samu wurin tsayawa. Ba na so in dawo muku da akwati da tsawo kawai, bayan filin marigayi Baba da aka sayar aka yi mini kuɗin jirgi. Ba ranar da ba na tuna filin nan. Kai ba ka taɓa yi mini gori ba, wallahi wani lokacin da ma ka yi, da na fi samun sauƙi.

Idon sawuna ya ɗan gurɗe a atisaye makon jiya. Ba komai ba ne, ana naɗe shi ana sa ƙanƙara, likitan ƙungiya ya ce zan iya bugawa. Inna kada ta ji, ka san ta.

Maganar Auta. An ce mini ba ya zuwa darasin yamma, kullum yana Ƙofar Mata wajen filin wasa da ƙwallo a hammata, wai shi ma Amurka zai zo. Ni na jawo, na sani, takalman da na aiko masa ne suka ɗaure masa gindi. Ka faɗa masa da bakina: ba don sakamakon jarrabawata ba, da tsawona bai kai ni ko Legas ba. A nan ma wanda makinsa na aji ya faɗi, benci zai zauna ko shi waye. Hakeem Olajuwon da yake ta ambato, ɗan Najeriyar nan da ya yi suna a NBA, jami'ar Houston ya fara shiga kafin duniya ta san shi, kuma shi ma a 1983 an doke su a wasan ƙarshe 54 da 52 a daƙiƙar ƙarshe, alhali kowa ya gama ba su kofi. In ya ƙi ji, ka ƙwace takalman ka kulle a shago sai ya gama jarrabawa. Amma kada ka doke shi a gaban abokansa, zuciya gare shi irin tawa.

Ina kewar ƙosan bakin layi. Azumin bana a tsakiyar wasanni zai same ni, akwai wani ɗan Senegal a ƙungiyarmu, mun yi alkawarin yin sahur tare, shi zai dafa shinkafa, ni ban san abin da zan kawo ba. In akwai mai tahowa, a ba shi yaji da kuka da ɗan daddawa, a ɗaure da kyau a leda biyu.

Wasan ƙarfe 7 na dare ne a nan, wato ƙarfe 1 na dare a wajenku, wayewar Lahadi. Kada ka hana kanka barci, zan turo saƙo ko an ci ko ba a ci ba. Daga cikin kuɗin ka cire kaɗan a yi sadakar ƙosai ranar Juma'a, ka ce wa Inna ta sa ni a addu'a, ka ce jarrabawa ce gare ni, ai ba ƙarya ka yi ba.

A gaida Gwaggo, a gaida Malam, a gaida mutanen shago. Maganin Inna na wata biyu, rasit ɗin Auta ka ɗauko hotonsa ka turo mini. Kawu in ya tambaya, ka ce ban turo komai ba.

Ƙaninka,
Dogo