Bakan da Baffana Ya Ba Ni Ya Fi Ƙarfina

Assalamu alaikum Malam. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, na rubuto ne domin neman shawara a kan lamarin da wataƙila ba a saba kawo irinsa a wannan fili ba.

Ni malamin makaranta ne mai shekara 34, ina zaune a Tudun Wadan Zariya. Tun ina yaro, idan aka kai mu kallon Hawan Daushe a ƙofar fadar Zazzau, sauran yara kan yi rububin ganin dawaki da 'yan lifidi, ni kuwa idona yana kan 'yan baka da ke tafe a ƙasa rataye da kwari. Sha'awar ta kwanta shekara da shekaru, sai a 2024 ta sake motsawa, da na kalli gasar Olamfik ta birnin Faris a waya, inda 'yan Koriya ta Kudu suka kwashe lambobin zinare biyar ɗin nan na harbin kibiya gaba ɗaya, kuma daga nisan mita 70 ake harbin.

Da na gaya wa Baffana, wanda tsohon maharbi ne a wani ƙauye da ke bayan dutsen Kufena, sai ya shiga ɗaki ya fito da bakan da ya yi ƙuruciyarsa da shi, ya ɗaura masa sabuwar tsirkiya, ya ce, “Ungo, ɗana, tunda 'ya'yan cikina duk babur suka sa a gaba.” Ya haɗa mini da kibau shida, bayan ya ware tsofaffin da ya ce an taɓa shafa musu dafin kwankwani, ya kuma gargaɗe ni kada in kuskura in saki tsirkiya babu kibiya a kanta, domin haka ke tsaga baka.

Malam, wata biyu ke nan ina gwadawa a bayan gari, na jingina buhun da na cusa wa tsummoki a jikin wani tudun ƙasa, amma har yau ban iya jan tsirkiyar nan ta iso haɓata ba sai hannuna ya ɗauki makyarkyata. Kafin in harba kibiya goma kafaɗar dama ta riƙe, har rubutu a allo yakan gagare ni washegari. Tsirkiyar kuma ta sha tsula mini a cikin hannun hagu, wurin ya yi baƙi ƙirin kamar wanda aka yi wa bulala, har maiɗakina ta fara tambaya ko dole ne.

Da na bincika, na ga masu koyar da harbin zamani suna cewa babba ɗan koyo ya fara da bakan da ƙarfin jansa bai wuce wajen laba 20 ba, wato kamar kilo 9, sannan tsawon jan mutum, wato iya nisan da zai ja tsirkiya, ana kimanta shi ne idan ya buɗe hannuwansa aka auna daga yatsa zuwa yatsa aka raba da 2.5. Nawa ya ba da kusan inci 27. Sai dai wani mai sayar da kayan wasanni da na tuntuɓa ya dage sai in ɗauki na laba 40, wai mai sauƙin na yara ne kuma zan raina shi cikin mako biyu. Ni dai ina zargin shi kaɗai ya rage masa a shago. Shin zai fi in sayi irin bakan zamani da ake kwance rassansa, wato ɓangarorinsa biyu masu lanƙwasawa, a canza su idan ƙarfi ya ƙaru, ko kuwa in nemi wanda zai sassaƙa mini na gargajiya mai laushi, tunda albashin malami ba ya ɗaukar sayayya sau biyu?

Akwai kuma batun ido. Badamen mutum ne ni, amma na gano idona na hagu ne ke jagorantar gani, ban sani ba ko in koma ja da hagu tun kafin hannu ya saba.

Abin da ya fi damuna shi ne Baffa. Duk ranar Juma'a sai ya aiko a tambaye ni yaya bakansa, kuma a wurinsa bakan Bature wasan yara ne. Ta yaya zan shaida masa cewa na jingine nasa na ɗan lokaci ba tare da ya ɗauka na raina kyautarsa ba?

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naka mai bibiyar wannan fili,
daga Tudun Wada, Zariya.