Zuwa ga Abba, kan maganar falsafar nan

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ya sanyin garin naku?

Abba, a bakin ƙanwarka na ji wai ka ajiye tattalin arziki ka koma falsafa. A bakin ƙanwarka! Sau uku muka yi waya a watan nan, ko uffan ba ka ce mini ba.

Ban yi gaggawar fushi ba, sai da na bincika. Na san Amurka ba kamar nan ba ce. Da ABU ka shiga, shekara 5 ka gama digirin lauya, ka yi guda a makarantar lauyoyi ta Bwari ko Bagauda, shi ke nan. Can kuwa sai ka yi digirin farko na shekara 4, ka zauna jarrabawar LSAT ta neman gurbin karatun lauya, sannan ka ƙara 3 a makarantar lauyoyi. Na kuma tabbatar ba su ƙayyade fanni ba: mai tarihi, mai lissafi, injiniya, duk suna shiga, muddin sakamako ya yi kyau kuma an taɓuka a jarrabawar nan mai maki 180. Na yarda falsafa tana koya wa mutum kafa hujja da warware ta, aikin lauya ke nan. To amma in lauyan bai samu ba, wa zai ɗauke ka aiki da ita?

Wannan ma da sauƙi. Abin da ke hana ni barci daban ne. Mai sunanka ya karanta manɗiƙi, ilimin kafa hujja, a zaure, amma sai da ya haddace Alƙur'ani, ya sauke Ishmawi da Risala, kafin malaminsa ya bari ya buɗe littafin. Kai fa? Shekararka 19, kai kaɗai a ɗaki, ba mai tashinka asuba, za ka zauna gaban wanda sana'arsa ita ce sa ka kokwanton duk abin da ka taso a kai. Ka san yadda ɗan kawunka ya dawo, ba sai na maimaita ba. Har gobe mahaifiyarsa ba ta iya ɗaga kai a gidan biki. Ban sayar da gonar fadama don ka dawo kana tambayata hujjar salla ba. Mutane sun ce na yi ganganci da na tura ka kana yaro, na toshe kunne don na yarda da kai. Yanzu ga shi kana ɓoye mini magana.

Wataƙila na tsananta. Tun kana ƙarami ba a kayar da kai a gardama, kuma ban taɓa kama ka da ƙarya ba. Ba zan ce dole ka koma tattalin arziki ba, amma ka tambaya ko za a bar ka ka haɗa biyun, tunda ana yin haka a can. Ka turo mini jerin darussan da sunan limamin da kake bi Juma'a, mu yi magana ranar Asabar.

Ban faɗa wa mahaifiyarka ba tukuna. Kai za ka faɗa mata da bakinka.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare mana imaninka.

Mahaifinka